Farin Ganye, Baƙin Sama: Daga Kano Zuwa Jos da Fim ɗin Infirared

Na bar Kano da sanyin safiya a makon farko na Oktoba, damina tana bankwana, kaka tana sallama. Da gangan na zaɓi lokacin. Mai son hoton infirared, wato hasken da ido ba ya gani, a ƙasar nan kwanakinsa ƙidayayyu ne, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke ƙurar sama tas, ganye bai soma bushewa ba, gajimare kuma yana nan tuli-tuli kamar audugar da aka tara a rumbu. Da hunturu ya kama hazo ya sauko, sama ta yi fari fat, to rabin abin da ake nema a wannan hoto ya tafi.

A jakata akwai kyamara Nikon FM2, wadda ba ta bukatar batir sai don mitarta ta awon haske, da lensi biyu, 28mm da 50mm, dukansu bakinsu milimita 52, don filta guda ta hau kowanne. Filtar ita ce Hoya R72. Sai jar filta mai lamba 25, da sitan mai ƙafa uku, da igiyar latsawa don ɗauka ba tare da taɓa kyamara ba, da jakar duhu, da littafi da biro. Fim kuwa naɗi takwas: shida Rollei Infrared 400, biyu Ilford SFX 200, kowanne ɗauka 36. Daga Turai aka zo mini da su. Duk wanda zai riƙo maka irinsu, ka roƙe shi ya sa su a jakar hannu, ya nemi a duba su da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin leƙa kaya suna ƙona fim. A firji na ajiye su, a mota kuma cikin ƙaramar kula, nesa da gilashin gaba.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma zango gare shi, sai dai da nanomita ake auna nasa. Idonmu yana gani daga wajen 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja ya ƙare. Abin da ke gaba da ja shi ne infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ya raba hasken rana ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen ja inda ido ba ya ganin komai. Aikin R72 shi ne ta tare duk abin da bai kai wajen 720 ba. In ka ɗaga ta ka duba sai ka ce baƙin gilashi ne. Fim ɗin Ilford ganinsa ya tsaya a wajen 740, na Rollei ya ɗan zarce haka, saboda haka da ɗan siririn hasken da ya rage tsakanin filta da iyakar ganin fim ake yin hoton gaba ɗaya. Wannan ne dalilin duk wahalar da za ta biyo baya. Kada kuma a ruɗe: wannan fim ba ya ganin zafin jiki, ba ya gani a duhu. Na'urar da ke ganin zafi tana aiki ne a zangon da ya haura nanomita 8,000. Namu hasken rana yake so, mai ƙarfi.

A Kwanar Dangora ni da abokin tafiyata muka bar titin Zariya muka kama hanyar Tudun Wada. Wajen ƙarfe goma, kafin mu shiga dajin Falgore, na ga abin da nake nema a hannun hagu: gonar dawa ta fitar da kai, wata tsohuwar kuka cike da ganye a tsakiyarta, can gefe ga gawo tsirara ba ko ganye ɗaya, bayansu sama shuɗiya. Mai gonar yana bakin hanya yana gyaran kunya. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ina neman izini in ɗauki kukar nan hoto." Ya ce, "Ɗauki mana, ɗana, sai dai ka bi ta kunya kada ka karya mini dawa."

Tun a sa fim ake fara yin kuskure. Na Rollei a kan robar foliyesta mai haske garau aka shafa shi, kuma robar tana jan haske ta cikin jikinta kamar yadda lagwani ke jan kananzir. In ka fito da shi a rana, hasken da ya taɓa harshen da ke waje zai bi ya shiga cikin gwangwanin ya ƙona ɗauka uku ko huɗu na farko, musamman gefe-gefe wajen ramukan. Don haka a cikin jakar duhu nake sa shi, ko aƙalla a cikin mota a rufe da mayafi, in an gama kuma ya koma baƙin kwanonsa nan take. Robar nan ba ta tsinkewa. In naɗi ya ƙare ka ji hannun ja ya cije, kada ka matsa, haƙoran kyamara ne za su karye kafin fim ya yage. Tsohon fim ɗin Kodak HIE, wanda aka daina yi a 2007, ya fi wannan tsanani, shi sai a duhu ɗungurungum ake sa shi, amma ganinsa ya kai wajen 900, kuma shi ne mai wannan ƙyallin da ke kewaye farin abu kamar hayaƙi. Efke IR820 na Kuroshiya ya bi bayansa a 2012. Abin da ya rage a kasuwa shi muke lallaɓawa.

Ga yadda ɗauka guda take tafiya. A kafa sitan, a tsara hoton ba filta, domin da zarar ta hau ba za ka ƙara ganin komai ta madubin leƙe ba. A saita nisa har kukar ta fito tar. Sai a duba jikin lensi: kusa da layin tsakiya akwai ɗan jan ɗigo. Infirared ba ya haɗuwa a daidai inda hasken gani ke haɗuwa, yana faɗawa baya kaɗan, don haka lambar nisan da ta tsaya a kan layin tsakiya ita ake juyowa zuwa jan ɗigon. A ganina, da fina-finan yanzu da ba su yi nisa cikin infirared ba, rabin tazarar ta isa, in dai ƙofar haske ta lensi tana f/11 (girman lamba, ƙanƙantar ƙofa). Da 28mm ma kusan ba ka bukatar damuwa. Da 50mm a f/4 kuwa, in ka manta, hoton zai fito da laushi ka rasa dalili. Kada kuma ka ce bari ka tsuke ƙofa zuwa f/22 don ka huta, dogon zango ya fi saurin bazuwa a ƙaramar kafa, sai kaifin ya ragu. Bayan saiti sai a ɗaura filta a hankali, da yatsu biyu, hannu ɗaya yana riƙe da zoben nisa kada ya goce.

Awon haske shi ne inda ido da mita duk suke barin mutum. Mitar kyamara an yi ta ne don hasken gani, in ka auna ta cikin R72 abin da za ta ba ka ba abin dogara ba ne. Ana auna ba filta, sannan a ƙara. An rubuta 400 a kwalin Rollei, wato ƙarfin ganin haskensa, amma a bayan R72 ƙarfinsa yana komawa tsakanin 6 da 12. Daga 400 zuwa 6 mataki shida ke nan, kowane mataki rabin na gabansa: 200, 100, 50, 25, 12, 6. Mitar FM2 ba ta sauka ƙasa da 12, don haka na bar ta a 400 ina ƙirgawa da yatsa. A gonar nan ta ba ni 1/500 na daƙiƙa a f/16. Na ja baya mataki shida, ya zama 1/8 a f/16, wato 1/15 a f/11. Na ɗauki wannan, na ɗauki 1/30, na ɗauki 1/8, duk a f/11, na rubuta lambar kowace ɗauka da lokaci da inda rana take. Uku-uku ake yi, domin yawan infirared a cikin hasken rana yana canzawa da sa'a da tururin iska ba tare da ido ya lura ba. Naɗi mai 36 wuri goma sha biyu kawai zai ba ka, ka yi lissafin kuɗinka a kan haka. Littafin nan kuwa bai gaza filta muhimmanci ba. Wanda bai rubuta ba, ko hoton ya yi kyau bai san abin da ya yi ba, gobe ba zai iya maimaitawa ba.

Falgore muka ratsa ba tsayawa. Daji mai duhuwa ba ya ba da komai a wannan fim, ganyen sama ya tare hasken, ƙasa kuma inuwa ce baƙa ƙirin. Muka wuce Saminaka da Jengre, hanya ta fara hawa, iska ta yi sanyi, muka shiga Jos bayan la'asar.

A daren na wanke naɗin farko a masauki, kuma wannan ita ce shawarar da na fi ba mai irin wannan tafiya: kada ka cinye naɗi takwas a makance ka koma gida kafin ka san ko awonka daidai ne. Jos tana da tsayin wajen mita 1,200, ruwan famfonta da dare ya nuna mini digiri 23, abin da a Kano sai da ƙanƙara ake samu. A jakar duhu na naɗa fim a kan faifai na sa a tankin Paterson, da almakashi a ciki tunda hannu ba ya yaga shi. Na fara jiƙa shi da ruwa zalla minti biyu, ruwan ya fito da launi, rinin bayan fim ne ba matsala ba. Maganin wanki Rodinal ne, wanda ake yi tun 1891, ya dace da tafiya don ruwa ne mai kauri a ƙaramar kwalba. Kashi ɗaya cikin hamsin: mililita 6 da sirinji a ruwa mililita 300. Lokacin da ke takardar kowane fim na digiri 20 ne, duk digiri ɗaya da ya ƙaru sai a rage wajen kashi goma cikin ɗari. Misali SFX a maganin ID-11 da ba a sirka ba minti 10 ne a digiri 20, a digiri 24 ya koma wajen minti 7. In lissafi ya kai ka ƙasa da minti 5, sanyaya ruwan, domin gajeren wanki yana barin dabbare-dabbare a sama. Juyi huɗu a daƙiƙa goma na farkon kowane minti, a ƙwanƙwasa tankin a tebur don kumfa ta saki. Sai ruwan tsayarwa rabin minti, fiksa, maganin da ke zaunar da hoto, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu minti biyar, sannan ɗauraya: a cika tanki a juya sau 5 a zubar, sau 10 a zubar, sau 20 a zubar. Duk ruwan nan zafinsu ya zama kusan ɗaya. In ka fito da fim daga ruwa mai digiri 20 ka watsa masa mai 30, fatarsa tana iya yamutsewa kamar ƙasar fadama da rani. A banɗaki na rataye shi, na rufe ƙofa, na kashe fanka.

Da safe na ɗaga shi a taga. A nagetif komai a juye yake, kukar baƙa, sama fara garau kamar ba a ɗauki komai ba. Ɗaukar 1/30 ta yi siriri, gindin kukar da inuwar dawa babu komai a ciki. Ta 1/8 ganyen ya cushe ya zama dunƙule guda, ba a rarrabe wannan ganye da wancan. Ta tsakiya ita ce: kowane kan dawa a bayyane, jijiyoyin bawon kuka suna nan. Na tsaya a kan ƙarfin 6, na kuma ƙudurta rage lokacin wanki kaɗan a sauran, don farin ganye ya fi saurin toshewa fiye da komai. Gawon kuwa, in an juya nagetif ɗin ya zama hoto, ya fito kamar zanen tawada, rassa baƙaƙe a kan baƙar sama, kusan ya ɓace.

Dalilin farin ganyen yana cikin ganyen kansa. Sinadarin da ke sa shi kore yana shanye ja da shuɗi don ya yi wa tsiro abinci, amma infirared ratsa shi yake yi ya wuce. A ciki sai ya tarar da ƙwayoyin ganye masu ramukan iska kamar soso, su watsa shi ya dawo waje, kamar yadda kumfar sabulu ke yin fari alhali ruwa ce. Robert Wood, masanin kimiyya ɗan Amurka, shi ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910, har yau da sunansa ake kiran wannan farin. A Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka riƙa bambance koren fenti da koren ganye daga jirgin sama. Sama kuma tana shuɗi ne don iska tana watsa gajeren zango, dogo kuwa ba ta cika taɓa shi ba: a 750 watsuwar ta gaza ta 450 kusan sau takwas. Shi ya sa take baƙi, shi ya sa kuma inuwa take yin duhu haka, tunda babu hasken sama da zai cike ta.

Kwana na biyu na nufi Riyom, kan hanyar Akwanga, inda duwatsu suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. A nan ƙasar ta fi dacewa da fim ɗin nan fiye da ko'ina da na bi. Dutsen yana fitowa toka-toka da duk ƙurajensa, ciyawar da ke gindinsa fara kamar an zuba gari, gonakin acca suna sheƙi, shingen ƙyarana da ke kewaye gidaje ya zama farin layi. Inda ka sa rana shi ne komai. Tana bayanka ko a kafaɗarka, sama ta yi baƙi ganye ya haska. Ka fuskance ta, sama ta koma toka, haske kuma ya yi ta yawo a cikin lensi, domin shafin da ke kan gilashin ba don wannan zango aka yi shi ba, saboda haka hular lensi ba ta sauka. Tsakar rana da masu hoto ke gudu, a nan ita ce lokacin aiki, daga ƙarfe goma zuwa uku. Abin da ya ɓata mini ɗauka biyar a Riyom iska ce. A 1/15 dutse yana tsaye amma ciyawa da rassan turare suna kaɗawa, sai su fito kamar an shafa su da hannu. Ko dai ka jira ta lafa, yatsa a kan igiya, ko ka buɗe zuwa f/8 ka samu 1/30 ka kula da jan ɗigo sosai. FM2 tana da wata dabara: in ka ja agogon jinkiri, madubi yana tashi tun farko, girgizarsa ta mutu kafin ƙyauren da ke tare wa fim haske ya buɗe.

Muka gangara Hawan Kibo zuwa magangarar ruwa ta Assop. Wurin a cikin kwazazzabo yake, rabi rana rabi inuwa, kuma a nan na koma SFX. Lissafi ya ba ni daƙiƙa 4. Fim yana gajiya in ɗauka ta wuce daƙiƙa ɗaya, ba ya tara haske daidai da lokaci, don haka 4 ta zama 7 bisa ƙa'idar Ilford. Na rufe madubin leƙe da hula kada haske ya shiga ta baya. Gaskiya wurin bai biya wahalarsa ba. Ganyen da ke inuwa toka yake fitowa, ba fari ba, kuma da jar filta 25 da na gwada a hannu, a 1/125, na samu hoton da ya fi shi rai, ko da yake wannan kusan baƙi da fari ne na yau da kullum mai ɗan duhun sama.

Kududdufan kuza da ke wajen Rayfield da Bukuru, ramukan da haƙar ma'adinai ta bari tun farkon ƙarni na 20, su ne suka ba ni abin da ban samu a Assop ba. Ruwa mai tsabta yana shanye infirared, abin da yake maidowa kuma hoton baƙar sama ne, sai kududdufin ya zama kamar kwalta, farin gajimare da fararen itatuwan turare suna kwance a cikinsa. Wanda ruwansa ya yi laka toka ya fito, don lakar tana maido haske. A kula da bakinsu, ganuwar a tsaye take kuma suna da zurfi, na kafa sitan taku uku daga gaɓa. A can ne na ɗauki abokin tafiyata a tsaye, na ce ya riƙe numfashi. Baƙar fata tana yin haske a wannan fim, ta yi sumul, ƙwayar ido ta yi duhu, baƙar rigarsa ta yadin roba kuma ta fito fari-fari, domin rinin baƙi ne a ido kawai. Kafin ka ɗauki mutum da shi ka gaya masa haka.

A gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai filin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa. Jan gini yana fitowa da haske mai taushi, inuwar zankwaye da bakin ƙofa baƙa wuluk, mangwaron da ke bayansu fari. Naɗi guda na ƙarar a can.

Ranar ƙarshe na hau duwatsun Shere, gabas da gari, masu tsayin sama da mita 1,800. Ido yana ganin tsaunukan nesa a dushe cikin shuɗin hayaƙi, fim ɗin kuwa ya ratsa shi ya fito da su layi bayan layi, har da gonakin da ke jikinsu. Wannan shuɗin na iska ne da ƙananan ɓurɓushi. Ƙurar hunturu ƙwayarta ta fi girma, tana tare dogon zango kamar yadda take tare gajere, haka ma hazon ruwa na safiya, kada ka sa ran R72 za ta huda su.

A hanyar komawa na sake tsayawa a gonar Tudun Wada. An fara karya dawa, ganyen kukar ya soma rawaya. Gawon kuwa ya fara tsatso, ƙananan ganye a ƙarshen rassa, don shi da damina yake zubarwa da rani yake tohowa. Na rubuta wurin da nisansa daga kwana a littafi. Zuwa Fabrairu kuka za ta tsaya tsirara shi kuma ya cika, sai a jira ranar da iska ta share hazo, a zo da ƙarfe sha ɗaya, rana a kafaɗar dama, naɗi biyu na Rollei da suka rage suna firji.